Haƙoran Amurka a Injin Caina

Samarin da ke zama a bencin mai shayi, daura da shagona a Tudun Wada, sun daɗe da yanke hukunci cewa sana'ata hutu ce. Wai inji ne ke juya ƙarfe, wuƙa ce ke yanka, ni dai tsayawa nake yi ina murɗe-murɗe kamar mai neman tasha a rediyo. Ban taɓa yin fushi ba, don mai faɗin haka ko ƙwan fitila bai iya ɗaurawa ba sai ya karkace. Amma tunda kullum musunsu a kan Amurka da Caina ne, wa zai danne wa, wa ke goyon bayan wa, bari in ba su labarin yadda ƙasashen nan biyu suka kusa raba ni da sana'ata, suka kuma dawo min da ita a cikin mako guda, alhali ba su ma san da zamana a duniya ba.

Sunana Sule, ƙarfe nake sassaƙawa. In wani abu ya karye a cikin inji kuma babu irinsa a kasuwa, sai a kawo min guntayen, in ɗauki ɗanyen ƙarfe in fitar da sabo. Abin da ya fi wuya a aikin shi ne haƙori, wato zanen nan da ke zagaye jikin kusa, wanda noti ke hawa ya kama. Kowa ya iya murɗa noti. Ba kowa ya san cewa haƙoran nan ƙabila-ƙabila ne ba.

Aikin farko da aka ba ni a masaƙa, a Kakuri, ba a kan inji ba ne. Ina ɗan shekara sha bakwai kawuna ya kai ni wurin shugaban sashen gyara, wani mutumin Filato mai suna Oga Pam, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya dariya sai bayan azahar. Ya dube ni sama da ƙasa, ya turo min wani bokiti da ƙafa, cike da kusoshi da noti, baƙi ƙirin da tsohon mai.

"Raba su," in ji shi. "Kowa da ƙasarsu."

Na ce, "Oga, ai babu rubutu a jikinsu."

"Kai akwai rubutu a goshinka? Amma kana buɗe baki na san Bazazzagi ne."

Sati uku na yi a kan bokitin nan. A nan na gane cewa masaƙar tamu taron duniya ce. Injunan kaɗi na Ingila ne, na saƙa na Japan, tukunyar tururi ta Jamus, babban janareta na Amurka, har da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta Rasha da ba ta tashi sai an tura. Ingila da Amurka da inci suke awo, sauran da milimita. To amma ko su biyun nan ba su daidaita ba. Sau da yawa yawan haƙorinsu ɗaya ne, kaifinsa ne daban. Amurka da Jamus kuwa kaifin ɗaya ne, tazarar ce daban. Ka ɗauki kowace biyu a cikinsu, za ka ga sun yarda da juna a wani wuri, sun saɓa a wani. Mu aikinmu shi ne mu sa su zauna a ɗaki ɗaya su fitar da atamfa.

Oga Pam yana da doka guda wadda ba ya sassautawa. Ba a yanka haƙori sai an gwada. In haƙorin a cikin rami yake inda ido ba ya kaiwa, sai ka feƙe itace mai taushi, ka murɗa shi ciki a hankali, ka zare, zanen zai fito a jikinsa, ka ɗora a ma'auni ka ƙirga. "Kada ka tambayi inji ƙasarsu," haka yake cewa. "Ko kai ka haife shi, gwada shi." Ya taɓa kora ta gida kwana uku saboda na yanka wata kusa da ka, ba gwaji. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne kusar ta yi daidai. Ya ce wannan ne ma ya sa ya kore ni.

A ƙarshen mulkin soja, lokacin da manyan ƙasashen Turai suka juya mana baya, kayan gyara suka daina zuwa, mu ne 'yan lele. Duk abin da ya karye a masaƙa hannunmu yake dawowa. Manaja da kansa yakan sauko sashenmu ya gaishe mu da sunanmu.

Da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, har rawa mun taka a ƙofar masaƙa. Kullum rediyo na cewa shugaban ƙasa ya tafi can, baƙi sun zo nan, an sa hannu a kan yarjejeniya. Mu a tunaninmu sababbin injuna ne za su zo. Abin da ya zo atamfa ce, daga Caina, dila-dila, mai ɗaukar ido, mai arahar da tamu ba za ta iya ja da ita ba. Ba na zagin wanda ya saya, matata ma ta saya ta ɓoye min. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Jiniyar da ke tashin rabin garin nan da asuba ta yi shiru, mutanen da suka yi shekara talatin suna tashi da ita suka riƙa farkawa su zauna a bakin gado ba wurin zuwa.

Oga Pam ya ce shi gida zai koma ya noma dankali. Yana da wani tsohon injin sassaƙa na kansa a wata rumfa a Makera, ƙirar Ingila, wanda ya saya gwanjo tun kafin in san shi. Dattijo muke ce masa. Ana jibi zai tafi ya aika aka kira ni.

"Sule, ba zan iya kai shi Filato ba," ya ce, "kuma ba zan iya tsayawa in ga masu sayen tsohon ƙarfe sun ɗora shi a sikeli ba. Ɗauka. In ka gaji da shi, kada ka faɗa min."

Mu tara muka kawo shi Tudun Wada, muna gangara shi a kan bututun ƙarfe daga mota zuwa cikin shago. Na haɗa shi da injin gas irin na masu niƙa don kada in zauna jiran wuta. Na zaci na tsira.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a rayuwar aikina. Ba masaƙa kaɗai kayan Caina suka taɓa ba. Ƙananan janareta, babura, injin ban-ruwa, duk suka cika gari, kowanne da kayan gyaransa a kwali. Mutum zai kawo min abu, in faɗa masa ladan aiki, ya yi dariya, ya tsallaka titi ya sayo sabo. In ya karye bayan wata biyu ya sake sayo wani. Ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina yanka haƙorin da gashi ba ya shiga tsakaninsa da noti, na koma wasa wuƙaƙen mahauta. Sai a yi sati Dattijo bai juya ba, ina dai shafa masa mai ina rufe shi da buhu. A gida kuwa baki bakwai ne ke jiran abin da zan shigo da shi.

A wannan lokacin ne Alhaji Tanko ya fara zuwa. Mutumin Unguwar Sanusi ne, tsohon ƙarfe yake saye. Shi ke kwashe injunan masaƙun da suka mutu, a yanka su da wuta, a loda zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai su Caina a narke. Abin haushin shi ne ba mugun mutum ba ne. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya biyo, mu gaisa, ya tambayi iyali ɗaya-ɗaya, sannan ya ɗaga buhun ya riƙa shafa bayan Dattijo kamar mahauci a kasuwar raguna.

"Malam Sule, bawan Allahn nan ya gaji," yakan ce. "Bar shi ya je Caina ya huta, ya dawo maka ya zama babur."

Wata huɗu ina mayar da maganar wasa. Wata Juma'a na rasa wasan. Na ce, "Alhaji, zo da mota Asabar ta sama." Ban ce na sallama ba, amma ni da shi mun san abin da mota ke nufi. Da ya tafi na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kasa kallon inda injin yake.

Ranar Talata da hantsi wata mata ta sauka daga acaɓa a ƙofar shago, rungume da wani abu a naɗe cikin buhu. Sai da ta yi magana na gane ta. Madam Ladi ce, 'yar Nasarawa, wadda ta yi shekaru a sashen saƙa, mace mai muryar da ke keta ƙarar injuna ɗari. Da aka rufe masaƙa ta koma Kakau, ta tara matan da suka rasa aiki irinta, Kirista da Musulmi, suka kama fili a bakin rafi suna noman rani. Da guminsu suka haɗa suka sayi injin ban-ruwa guda ɗaya.

Ta kwance buhun. Sandar ƙarfe ce wadda ke juya fankar da ke jan ruwa, ta karye gida biyu.

"Malam, na zaga kasuwar kayan gyara tun jiya," ta ce. "Wannan babba ne, ba irin na kwali ba ne. Wai sai an aiko daga Legas, wani ma ya ce daga Caina. Tumatirinmu yana fure. Da daro muke ɗiban ruwa yanzu, kuma daro ba zai riƙe gonar nan ya wuce Asabar ba. In furen ya zube, mun tashi a banza."

Na juya sandar a hannuna. Bakin da ke shiga cikin fanka, inda haƙorin yake, wani makanikin ƙauye ya riga ya daddake shi da guduma wajen cirewa, babu abin da za ka iya ƙirgawa. Fankar kuma tana can gona. Ko ɗan koyo na wata shida ya san abin yi a nan: ka hau mota ka je Kakau da ɗan itacenka. Tafiyar ba ta kai awa guda ba.

Ban je ba. Na ce, "Madam, injin na wace ƙasa ne?"

"Caina. Rubutunsu ne ko'ina a jikinsa, kamar kaji sun yi tono."

Na auna kaurin sandar, na ga milimita sha shida ce ko kusa da haka. Caina da milimita suke aiki, wannan kowa ya sani. Gaskiyar magana, na raina injin. Shekara guda ina kallon kayan Caina suna cinye min abinci, ban ga dalilin da zai sa in yi tattaki don in gaishe da ɗaya daga cikinsu ba. Na ce mata ta koma, jibi ina nan tafe.

Ƙarfe mai kyau guda ɗaya ya rage min, wata sanda daga injin saƙar Japan da nake ta ɓoyo. Aikin irin wannan ba a yin sa da rodin gini, don ruwa da juyi za su murɗe shi cikin kwana biyu. Na yaye wa Dattijo buhu. Shi da inci aka haife shi, in kana so ya yanka milimita sai ka canza masa giya, ka sa wata babba mai haƙori ɗari da ashirin da bakwai, wadda muke kira tafinta. Na sa masa tafinta, na wasa wuƙa, na wuni ranar Laraba a tsaye. Ba yabon kai ba, sandar ta fito tana sheƙi, haƙorinta kamar an zana da alƙalami.

Alhamis da safe na isa Kakau. Mata kusan ashirin suka ajiye daro suka kewaye ni, wata har da guɗa. Na zura sandar, na ɗauko fanka na fara murɗawa da hannu. Ta yi zagaye ɗaya. Ta yi na biyu. A na uku ta cije.

Na warware na sake. Ta cije a wuri ɗaya.

Duk mai aikin ƙarfe ya san shaiɗanin da ke zuwa a wannan lokacin. Shi ne mai raɗa maka cewa datti ne kawai, sa sifana ka ɗan matsa. In ka matsa kuwa, haƙorin cikin fanka zai cinye, ka kashe abin da ba ka iya ƙerawa. Na san haka sarai. Amma idanun mata ashirin na kaina, sai ga sifana a hannuna, har na kafa ta.

Wani ya riƙe min hannu ta baya. Na waiga, sai na ga ɗan Caina, siriri, mai furfura, da hular kwano a kansa da ledar kabeji a ɗaya hannun. Ashe makaniki ne a sansanin wani kamfani da ke aikin hanya a kusa, kullum yakan zo gonar sayen ganye, matan suna ce masa Mai Kabeji. Ya girgiza kai, ya ajiye ledarsa, ya tsuguna. Ya zaro wani ɗan ma'auni daga aljihu, mai falle-falle da yawa, kowane falle da irin haƙorinsa. Ya gwada na milimita a cikin fankar, bai zauna ba. Ya juya ɗaya gefen ya gwada wani, ya zauna daram. Ya miƙo min in gani da idona. Inci ne, haƙori sha ɗaya, kaifin Amurka.

Na nuna masa rubutun da ke jikin injin. Na ce, "Caina!"

Ya ce, "Caina." Ya nuna cikin fanka. "Amerika."

Direbansa, wani mutumin Binuwai, shi ya yi mana tafinta, daga guntun Turancin Mai Kabeji zuwa Hausar barikin da muke ji.

"Ya ce masana'antar tasu ce, ma'aikata nasu ne, amma zanen na Amurkawa ne. Su suka kawo zane suka ce a ƙera musu. Rabi a buga masa sunan Amurka a kai can, rabi a bar shi da rubutun Caina a kawo muku. Ya ce ƙofa ta gaba kuma Jamusawa ake yi wa, da milimita."

Na ce, "Tambaye shi, ba su ne rediyo ke cewa ba sa ga-maciji da Amurka ba?"

Da aka faɗa masa ya yi dariya har hularsa ta zame. Direban ya ce, "Wai manya ne ke faɗa da baki. Jirgin ruwa bai taɓa tsayawa ba."

Ni dai ban yi dariya ba. Inci biyar bisa takwas da milimita sha shida kusan kauri ɗaya ne, shi ya sa ta yaudare ni har zagaye biyu. Kuma ba a sake yanka haƙori a kan haƙori. Ƙarfena guda ɗaya ya tafi.

Mai Kabeji ya ɗauki sandar da na ɓata yana bin haƙorin da farcensa. Ya tambaye ni wane irin inji ne ya yi wannan. Na ce tsoho ne, na Ingila. Ya ce yana yin inci da milimita duka? Na ce duka. Sai ya yi wa direban dogon bayani. Wai a sansaninsu injin danne hanya na Jamus ne, janareta na Amurka, motoci nasu, kuma in ƙaramin abu ya karye sai su yi wata uku suna jiran jirgi. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Asabar," ya ɗauki kabejinsa ya tafi. Ban ɗauki maganar da nauyi ba, don ni na san abin da ke jirana ranar Asabar.

Na juya wurin Madam Ladi na faɗa mata gaskiya, cewa laifina ne, ban gwada ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Malam Sule," ta ce, "Oga Pam yana raye ka yi wannan?"

Matan suka sunkuya suka ɗauki darukansu suka nufi rafi. Akwai wata tsohuwa a cikinsu da ta girmi mahaifiyata. Na karyi reshen zogale a bakin gona, na feƙe shi, na murɗa a cikin fankar duk da na riga na san amsar, na ƙirga sha ɗaya. Sannan na naɗe fankar kanta a buhu na taho da ita.

Juma'a na wuni neman ƙarfe. Na je Makera, na je Kakuri, na shiga duk rumfar da na sani. Babu sai rodi da ruɓaɓɓen bututu. Kowa amsarsa ɗaya, duk wani ƙarfen kirki a kudancin garin nan yana hannun Alhaji Tanko. Na haɗiye girman kai na je filinsa, aka ce yana can wata masaƙa yana lodi, ba a san lokacin dawowarsa ba.

Asabar da sassafe motarsa ta tsaya a ƙofar shago, da ƙarti huɗu da sarƙa mai kaurin hannu. Alhaji ya sauko yana gyara babbar riga, ya fara sallama. Ni kuwa idona na kan bayan motar. Lodin jiya ne ba a sauke ba, gaɓoɓin injunan saƙa a yanke, sanduna sun leƙo ta ko'ina. Ban san lokacin da na haye ba. Na riƙa ƙwanƙwasa su da sifana ɗaya-ɗaya ina saurare. Mataccen ƙarfe ƙara yake yi ya tsaya, mai rai kuwa kukansa ja yake yi. A ta bakwai na ji abin da nake nema.

"Alhaji, sayar min da wannan."

Ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Na zo saye an mayar da ni mai sayarwa."

"Kuma ka ba ni awa huɗu."

"Sannan mu ɗauka?"

"Sannan mu yi magana."

Ya dube ni, ya dubi ƙartinsa, ya ce su je su sha shayi. Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofa.

Na cire wa Dattijo tafinta, ya koma harshen da aka haife shi da shi. Wuƙar da na yi kuskure da ita ranar Laraba ita ce dai ta dace, tunda kaifin Amurka da na milimita ɗaya ne, tazara kawai zan canza. Na rage kauri a hankali, ina tsayawa ina aunawa. Da na zo kan haƙori na riƙa shiga kaɗan-kaɗan, in yanka, in ja baya, in share, in ɗora ɗan zogalen nan a gefe in duba. Wannan ne wurin da masu kallo daga bencin shayi ke ganin mutum a tsaye kawai. Hannun hagu na kan abin da ke kama tafiya, na dama na kan wuƙa, kunne na kan kukan ƙarfe, kuma in ka makara da ƙiftawar ido ɗaya wajen ja baya, aikin wuni ya tafi.

Kafin azahar na kashe inji. Na ɗauko fanka na ɗora a bakin sandar, na murɗa da yatsu biyu. Ta wuce zagaye na uku kamar ba ta san an taɓa yin rigima a nan ba, ta tafi har ƙarshe ta zauna. Na girgiza ta, ko motsi.

Alhaji ya taso. "Ba ni in gani." Ya warware ta ya sake ɗaurawa, ya sake, har sau uku, ya ɓata hannun rigarsa da mai bai kula ba.

"Shekara nawa ina yanka injunan nan da wuta," ya ce, "wallahi ban taɓa tsayawa na ga abin da suke yi ba. Ina za a kai ta?"

"Kakau."

"Shiga mota."

Haka muka isa gonar, ni da Alhaji a gaba, ƙarti huɗu da sarƙa a baya. Ganyen tumatir ya fara sunkuyar da kai. Babu wadda ta yi guɗa wannan karon, sun dai tsaya nesa da darukansu a hannu. Na haɗa komai, na cika famfon da ruwa, na ja igiya. Injin ya yi tari, ya kama. Tiyo ya kumbura ya yi tsalle, ruwa ya fashe a bakin kwari, ja da farko, sannan fari. Tsohuwar nan ce ta fara sakin daronta a ƙasa. Na nemi dutse na zauna.

Madam Ladi ta tari ruwan da hannu biyu ta wanke fuska. Ta zo ta tsaya a kaina.

"To, na fasa kai ƙararka Filato," ta ce.

Mai Kabeji na nan a gefe, ashe tun hantsi yake jira. Wannan karon ba leda ya riƙo ba. Buhu biyu direbansa ya sauko da su, cike da karyayyun kusoshi da sanduna da giya, wasu na Jamus, wasu na Amurka, wasu nasu. Ya zazzage ɗaya a ƙasa yana nuna min da yatsa, wannan inci, wannan milimita, wannan shi ma bai sani ba. Na ce a faɗa masa ko wanda ya sani ɗin sai na gwada. Ya ɗaga babban yatsa.

Daga buhunan nan biyu aiki bai sake yanke min ba. Bayan masu hanya, masu layin dogo suka zo. Indiyawa masu injin shinkafa suka zo, Turkawa suka zo, kowa da injinsa da aka haɗa daga ƙasa uku ko huɗu. Manyan ƙasashe suna ƙulla abota suna kwancewa, suna ƙera kaya tare suna zagin juna a rediyo, amma har yau ba su zauna sun daidaita haƙoransu ba. Duk inda nasu bai hau nasu ba, nan ne wurin cin abincin irina, kuma wurin yana da faɗi.

Amma a ranar ban san duk wannan ba. Abin da na sani shi ne buhu biyu, da maganar da na yi wa Alhaji cewa za mu yi. Muka iso shago da la'asar. Alhaji ya leƙa ta taga ya ce wa ƙartinsa, "Ku sauko." Na ji sarƙa ta yi ƙara a bayan mota. Na buɗe baki in fara roƙo.

Ashe gefe suka tura ta don su kai ga sandunan.

"Hau ka ƙwanƙwasa," in ji Alhaji. "Duk wadda ta yi kukan da kake so, a sauke. Waɗannan ba za su ga teku ba."

Sha huɗu muka sauke, muka jingina su a bango. Alhaji ya leƙa cikin shago, ya daɗe yana kallon Dattijo, da ɓawon ƙarfen safe a zube a ƙarƙashinsa ban share ba. Wannan karon bai shafa shi ba.

"Tsohon nan ya fi ƙarfin motata," ya ce.

Ya shiga gaba ya ja ƙofa, suka tafi da sarƙarsu a naɗe.